Shin da gaske Tambuwal lauya ne?

Malam, ka tambaya ko Aminu Waziri Tambuwal lauya ne na gaske, ko dai siyasa ce kawai ya sani. Lauya ne. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya gama a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. Sai dai siyasa ta janye shi: ya shiga Majalisar Wakilai a 2003, ya zama kakakinta a 2011 ba da son shugabannin PDP ba, kuma a ganina nan ne sanin dokarsa ya fi yi masa rana. Ya mulki Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, kodayake a 2019 da ƙuri'u 342 kacal ya tsira. Daga nan ya wuce Majalisar Dattawa.