Me ya kai sinadarin talabijin cikin ƙwan shaho?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar gwangwan a Alaba Rago, nan Legas. Na ji ana cewa a Turai an samu sinadarin hana kamawar wuta na jikin talabijin a cikin ƙwan shaho. Tsuntsun da ke sama, ina ya gamu da talabijin? Mu da muke fasa su kullum fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Sinadaran sunansu PBDE, ana zuba su a robar talabijin da kwamfuta da soson kujera don kada su yi saurin kama wuta. Cuɗa su kawai ake yi da robar, ba sa zama jiki ɗaya da ita, don haka da kaya ya tsufa sai su riƙa fita cikin ƙura.

Ruwa ba ya narkar da su, kitse ne ke riƙe su. Tattabara ta yi kiwo a ƙasa mai wannan ƙura, ta tara kaɗan. Shaho kuwa shekara da shekaru yana cin tattabarai, abin da kowace ta tara jikinsa yake komawa. Idan macen ta zo yin ƙwai, da kitsen jikinta take haɗa gwaiduwa, sinadarin ya bi.

A 2004 masu bincike a Suwidin suka ba da rahoton samun wani nau'in PBDE mai suna deca-BDE a ƙwan shaho, alhali an daɗe ana cewa ƙwayarsa ta yi girman da ba za ta shiga jiki ba. A Kaliforniya ta Amurka, shahon da ke sheƙa cikin birane ya fi na bayan gari wannan nau'in. A Kanada kuma an ciyar da wani ƙaramin shaho wani nau'in sinadarin, sai ɓawon ƙwan ya rage kauri, ƙyanƙyasa ta ragu.

Yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta haramta wasu nau'o'in a 2009, ta ƙara da deca-BDE a 2017. Amma tsohuwar talabijin mai ƙusumbi da aka ƙera kafin nan ita ce ake sauke mana a matsayin tokumbo, ta ƙare a hannunka ko a bolar Olusosun, inda shirwa ke shawagi.

Ni kai ka fi shahon damuna, domin kai ne a bakin tushen abin. Ƙona wannan roba na haifar da dayoksin, gubar da ta fi ta farko muni. A 2019 an ba da rahoton cewa an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta Akara a Ghana, inda ake ƙona kayan lantarki a lokacin, aka same shi maƙil da ita.

Don Allah ka fere waya da wuƙa in za ka cire jan ƙarfe, kada ka cinna mata wuta. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ka canza kayan aiki kafin ka ɗauki yaranka. Mai juna biyu kada ta zauna wurin. Kajin da ke tono a filin fasa kaya kuwa a killace su, a ba su dusa da tsaba daga waje.