Zauren Masu Kallo: Fim ɗin da na gani da wanda ka gani ba ɗaya ba ne

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata sun fi na kullum yawa, kuma uku daga cikinsu ƙorafi ɗaya suke yi a kaina. Na zaɓi wadda ta fi zafi, da ita za mu buɗe zaure.

Malam, a fitowar da ta gabata ka yabi wani sabon fim, ka ce hotonsa tangaran ne, musamman inda aka yi faɗa da daddare a bakin rijiya. Na je wurin masu tura finafinai aka saka mini shi a waya, nauyinsa megabayit 250. Wallahi a wurin nan ban ga komai ba sai duhu, maganar ma sai na kanga wayar a kunne. Ko dai an ba ka na goro ne?
Wani tela, Gusau

Ɗan'uwa, ban karɓi sisin kowa ba, kuma na ji daɗi da ka tambaya kai tsaye maimakon ka riƙe ni a zuciya. Amma ina da laifi a nan, kuma zan faɗe shi. Ban rubuta cewa a sinima na kalli fim ɗin ba. Da na rubuta haka, da ka san cewa abin da nake yabo da abin da aka tura maka sun yi hannun riga.

Bari in ba ka lissafi. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7. Naka megabayit 250 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin 19 na abin da faifai ke ɗauka, faifan da shi kansa bai kai ainihin abin da ya fito daga kwamfutar mai tace hoto ba. Kafin fim ya ƙanƙance haka sai an matse shi, kuma na'urar da ke matsewa zubar da abubuwa take yi. Abin da take fara zubarwa shi ne ƙananan bambance-bambancen da ke cikin duhu. A majigin sinima na ga hasken fitilar hannu a gefen fuskar jarumin, na ga igiyar guga, na ga inuwar mutum na biyu tana matsowa a jikin katanga. Wannan inuwar ita ce ta sa na yabi mai ɗaukar hoton. A wayarka duk sun haɗe sun zama baƙin tabo mai murabba'i-murabba'i.

Sauti ma haka. Wanda ya haɗa sauti don babban ɗaki yakan bar raɗa ta zama raɗa, ƙara ta zama ƙara, saboda akwai manyan lasifikoki da shiru. 'Yar lasifikar waya, a cikin shago ga keken ɗinki yana aiki, ba za ta iya fito da raɗar ba. Gwada abin saƙalawa a kunne, za ka ji bambanci nan take.

Wani abu da mutane ke ruɗewa a kai: tura fim daga waya zuwa waya ta Xender ko ta filash ba ya rage masa komai, kwafi ne daidai wa daida. A zamanin kaset ne kowane kwafi ya fi na bayansa kyau, har a kai ga na biyar fuskoki sun zama kamar an shafa musu toka. Yanzu ɓarnar tana faruwa ne lokacin da aka matse shi, ko aka aika shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, ko aka sauke shi daga YouTube a mafi ƙanƙantar ma'auni don tsimin data.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. In dai ba da izinin mai fim aka tura maka ba, kuɗin da ka biya bai isa hannun wanda ya sayar da filinsa ya yi fim ɗin ba. Na san furodusoshin da suka bar sana'ar saboda wannan. Su ma masu shiryawa suna da nasu: sun san yawancin masu kallonsu a waya suke kallo, ya kamata kafin su saki fim su duba shi a ƙaramar waya, su gyara sautin magana. Daga wannan fitowa, a ƙarƙashin kowane sharhi zan riƙa rubuta inda na kalli fim da irin kwafin da na kalla.

Na sayi faifan wani fim na Indiya, sai na ga baƙin layi mai faɗi sama da ƙasa. Mai shagon ya ce haka yake. Ba cuta ta ya yi ba?
Wata uwargida, Kaduna

Hajiya, gaskiya ya faɗa miki. Allon talabijin na yanzu faɗinsa 16 ne in tsayinsa 9, shi kuwa babban fim na sinima sau da yawa ya fi haka faɗi, kusan 2.39 a kan 1. In ana so ki ga hoton duka, dole a bar fili sama da ƙasa. Wanda ya cika allo dam shi ne aka yanke wa gefe biyu, har ki ga mutum yana magana da wanda ba ya cikin hoto. Kada ki danna maɓallin da ke miƙe hoton, zai mayar da kowa dogo siriri.

Ɗana ya kawo mini faifai na asali daga Faransa, amma na'urata ta ƙi karɓa, faifan bakin titi kuwa tana ci lafiya lau.
Tsohon malamin makaranta, Maraɗi

Baba, faifan lafiyarsa ƙalau. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya a kan DVD: Amurka shiyya ta 1, Turai ta 2, mafi yawan Afirka da Indiya ta 5. Duba bayan kwalin, za ka ga hoton duniya ƙarami da lamba a ciki. Na bakin titi ba su da wannan makulli, shi ya sa suke shiga ko'ina. Kai na'urar wurin mai gyara, da yawansu ana buɗe su da 'yan lambobi a rimot. In yaron zai sake sayowa, Blu-ray, wato faifan da ya zo bayan DVD, ya fi sauƙi ta wannan fuska, don Turai da Afirka duk shiyyar B suke, amma shi ma yana bukatar tasa na'urar.

Yaya, me ya sa finafinan da can sai an raba su na 1 da na 2? Kuma yanzu da komai ya koma mai dogon zango, ta yaya kake yanke wa fim hukunci alhali bai ƙare ba?
Ɗalibar kwaleji, Bauchi

Ƙanwata, mutane sukan ce ƙanƙantar faifai ce ta jawo, tunda faifan bidiyo na CD ba ya wuce minti 80. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai rabon ya girmi CD. Na tsaya a shagon hayar kaset na yayana shekara shida, kuma kaset ɗin da muka fi gani na awa uku ne, yana ɗauke fim guda har da saura. Kasuwa ce ta raba. Kwali biyu kuɗi biyu ne, kuma dilolin Bata da Ƙofar Wambai sun san wanda aka bari a tsakiyar rikici zai dawo neman ƙarshe. Ina iya tuna yaran da ake aikowa daga cikin gida da sassafe, da kuɗin haya a dunƙule a hannu, tambayarsu ɗaya: na biyu ya fito?

Dogon zango jikan wannan dabara ne. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako, sannan zaman gida na korona a 2020 ya tura masu shiryawa da masu kallo YouTube gaba ɗaya. Ga yadda nake yi: ba na rubuta komai sai na kalli kashi huɗu, kuma ina faɗin inda na tsaya. Abin da nake dubawa shi ne, in na tsallake kashi guda, zan rasa wani abu? In ban rasa komai ba, to an ja labarin ne kawai. Akwai shirin da na yaba a zangon farko, na dawo a na uku na janye yabon, domin marubucin ya fara ta da matattu yana aurar da waɗanda suka riga suka rabu don kada shirin ya ƙare. Masu karatu sun ce na yi amai na lashe. Ni kuwa a ganina shirin ne ya canza, kuma wanda ke ƙona datarsa duk mako yana da haƙƙin in gaya masa.

Malam, mahaifinmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ya bar kwali uku cike da kaset-kaset na finafinan Hausa, wasu tun kafin a haife ni. Ba mu da bidiyon kallonsu. 'Yan'uwana sun ce a ba 'yan gwangwan. Me ka gani?
Wani magidanci, Funtuwa

Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Don Allah, Malam, kada ku ba 'yan gwangwan. Wannan wasiƙar ce ta hana ni barci a cikin duk na wannan wata.

Kasuwar fim ɗin Hausa a kaset ta kankama ne daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Daga nan zuwa lokacin da faifai ya kori kaset an yi finafinai masu ɗimbin yawa, kuma masu su ba su yi tunanin ajiya ba. Wani ya ɗora sabon aiki a kan uwar kaset ɗinsa don tsimi, wani damina ta cinye nasa, wani ya rasu iyalai sun share ɗaki. Na taɓa raka wani darakta neman fim ɗinsa na farko shago-shago, kwana biyu muna yawo, muka dawo hannu rabbana. Yana yiwuwa a cikin kwalayen mahaifinka akwai fim ɗin da kwafinsa guda ya rage a duniya.

Kuma lokaci ba ya jira. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina a 2016. Waɗanda suka rage a hannun masu gyara tsufa suke yi, kaset ɗin ma haka.

Ga abin da za ka yi tun yau. Fito da su daga kwalin, ka jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai sanyi da ba ya yoyo, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Leƙa ta 'yar tagar kowane kaset. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, ya yi fumfuna, ware shi daban, kada a saka shi a na'ura kafin mai gyara ya tsaftace shi, don zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa sauran. Ɗauki littafi ka rubuta sunan kowane fim da kamfaninsa da shekarar da ke jiki. Kada ka yar da kwalayen da kowane kaset ya zo a ciki, ko da sun yage: hotunan da sunayen ma'aikatan da ke bayansu tarihi ne. Sannan ka nemi mai ɗaukar bidiyon biki na da, irin waɗanda har yanzu ke da na'urar da 'yar mahaɗar da ke juye kaset zuwa kwamfuta. A juye ba tare da an matse ba, a ajiye a wuri biyu daban-daban. Kada ka dogara da faifan da aka ƙona a shago, mai shuɗi-shuɗin ciki, domin ya fi na kamfani saurin mutuwa, musamman a zafinmu.

Abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka ɗora su a YouTube kafin ka nemi masu su. Da yawansu suna raye, waɗanda suka rasu kuma suna da magada. Ka kai musu kwafi, ku yi magana.

In 'yan'uwanka sun ce wahalar banza ce, ba su labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da yawa ana ɗauka ya ɓace. Sai aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan fim ne da hukuma ta san da zamansa, ya samu masu nemansa. Finafinan kaset ba su da wannan gata, sai irin mahaifinka da ya saya ya adana.

In ka gama rubuta sunayen, aiko mini ta adireshin mujalla. Zan buga jerin a wannan shafi, ko Allah zai sa wani darakta ya ga nasa a ciki. Na'urar shagon yayana tana nan a wurina, kuma har yanzu tana aiki. In ba ka samu mai juyewa a Funtuwa ba, sako kaset goma na farko a mota zuwa Kano, ni zan juye maka.