Ƙofa a kulle, jiniya tana tashi: ina matsalar take?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi na'urar ƙararrawa irin wadda ba a ja mata waya, guda huɗu, tare da ɗan akwatin da ke haɗa su da wayar hannu. Uku na manna a tagogi, suna aiki lafiya lau. Ta huɗun kuwa, wadda na sa a babbar ƙofarmu ta ƙarfe, ta hana mu barci. Ƙofa a kulle, amma manhaja tana nuna a buɗe take, wani lokaci kuma cikin dare jiniya ta tashi haka kawai. Na canza batir, ba ta sake zani ba. Lalatacciya aka sayar mini, ko ni ce ban iya sawa ba?

Amsa: Malama, kada ki yi saurin mayar da ita. Ɓamɓaro ɓangarorin na'urar biyu, babba da ƙarami, daga jikin ƙofar, ki matsa nesa da duk wani ƙarfe, ki riƙe babban a hannun dama, ƙaramin a hagu. Haɗa su, raba su, kina kallon manhajar. Idan tana canzawa daga "rufe" zuwa "buɗe" duk lokacin da kika raba, to na'urarki ƙalau take, ƙofar ce ke ba ta wahala. Ina kyautata zaton abin da za ki gani ke nan.

Ƙaramin ɓangaren nan ba komai a cikinsa sai maganaɗisu. Babban shi ne mai batir da ɗan rediyon da ke aika saƙo, kuma a gefe ɗaya na cikinsa yawanci akwai wani siririn bututun gilashi, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, da 'yan harsuna biyu na ƙarfe a ciki. Idan maganaɗisu ya kusanto, harsunan su manne da juna, na'ura ta ce ƙofa a rufe take. Ya yi nisa, su rabu, ta aika saƙo. Dabarar tsohuwa ce, tun 1936 aka ƙirƙiro ta a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka domin aikin tarho. Wato na'urar ba ta ganin ƙofa, ba ta san kwaɗo ko sakata ba. Ƙarfin maganaɗisun da ke isowa gare ta kawai take ji.

A nan ƙofar ƙarfe ke shigowa. Idan kika manna maganaɗisu kai tsaye a kan ƙarfe, ƙarfen yakan janye wani kaso na ƙarfinsa zuwa jikinsa, abin da ya rage ya isa wurin harsunan sai ya yi rauni. Yawancin irin waɗannan na'urori suna son tazarar da ba ta wuce santimita 1 zuwa 1.5 ba a kan katako, amma a kan ƙarfe tazarar takan ragu sosai, wani lokaci da kusan rabi. To ki ɗauka taki tana zaune daidai bakin iyaka. Iska ta ɗan tura ƙyauren, ko sanyin dare ya sa ƙarfe ya ɗan tsuke, milimita 1 ko 2 sun isa su raba harsunan. Shi ya sa take tashi da dare, ba don ta ga ɓarawo ba.

Maganin ba shi da wuya. Ki ɗaga ɓangarorin biyu daga jikin ƙarfen da ɗan faifan roba ko katako mai kaurin milimita 5 zuwa 6. Wasu kamfanoni suna saka irin wannan matashin a cikin kwali, mutane su zaci tarkace ne su zubar. Ki duba naki. Yana da amfani na biyu ma, domin ƙarfe yana danne saƙon rediyo, ɗagawar kuwa tana taimaka wa saƙon ya isa akwatin. Sannan ki duba gefen babban ɓangaren, za ki ga wani ɗan layi ko kibiya, akwai irinsa a jikin ƙaramin. Dole su fuskanci juna, don a nan bututun yake. Sau da yawa nakan tarar an manna maganaɗisu a ɗaya gefen da ba komai a ciki, ana ta zagin kamfani. Idan firam ɗin ya fi ƙyauren tudu, ki ƙara wa wanda ya yi ƙasa matashi har su zo kusan daidai.

Babban ya zauna a firam, ƙaramin a ƙyaure, saboda bugun rufe ƙofa kullum ba ya yi wa batir da kayan ciki daɗi. Kuma a sama, ɓangaren da makulli yake. Idan kika sa ta ɓangaren hinji, mutum zai iya buɗe ƙofar har ya zura hannu kafin maganaɗisun ya yi nisan da za a ji.

Akwai wani abu a tambayarki da na tsaya a kai: kin ce kin canza batir. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan maɓalli a ciki wanda murfi ke dannewa, aikinsa ya tona asirin wanda ya yi ƙoƙarin buɗe na'urar. Idan murfin bai koma ya yi ƙas ba, jiniya za ta iya tashi ko da ƙofa ba ta motsa ba. Ki shiga tarihin saƙonni a manhajar ki karanta abin da aka rubuta a daren: buɗe ƙofa ne, ko taɓa murfi? Batirin ma ki tabbata irinsa ne. Mai faɗi kamar kwabo, CR2032, bolt 3 yake bayarwa, kuma ɓangaren da ke da alamar + shi ne yawanci ke kallon sama.

Wannan karon kada ki ɓare gam tukuna. Riƙe su da salatif, ki kashe jiniyar ki bar sanarwar waya kaɗai. Rufe ƙofar ki kulle, sannan ki jijjiga ta da ƙarfi, ki tura ki ja. Idan manhaja ta motsa, tazarar ta yi yawa. Ki buɗe a hankali kuma ki ga a ina take sanarwa. Bai kamata ya wuce faɗin yatsu biyu ba. Sai ta kwana biyu a haka ba ƙarya, sannan ki goge wurin da sifirit, ya bushe, ki manna da sabon gam mai fuska biyu, ki danne na daƙiƙa 30. Tsohon gam ɗin da kika ɓamɓare ya gama aiki. Ƙofar da rana ke duka kuwa, ni sukuru na fi yarda da shi, don zafi yana sassauta gam, maganaɗisu ya zame ƙasa a hankali ba ki sani ba.

Da kin gama, ki ba kowace na'ura sunanta a manhaja, "babbar ƙofa", "tagar ɗakin yara", don saƙon tsakar dare ya gaya miki inda za ki duba. Babbar ƙofa ki sa mata jinkirin daƙiƙa 30, ki samu damar kashewa idan ke ce kika shigo. Tagogi ba sa buƙatar jinkiri.

Game da tagogin ma, kin ce lafiya lau suke, amma buɗewa kaɗai suke ji. Wanda ya fasa gilashi ya shigo ba tare da ya zuge tagar ba, maganaɗisu yana nan inda yake, na'ura ba za ta ce uffan ba. Tagar da ke da faffaɗan gilashi kuma ba ƙarfen kariya a jikinta, ki ƙara mata na'urar da ke jin girgiza ko ƙarar fashewar gilashi, bayan kin tabbatar akwatin da kike da shi zai karɓe ta.