Zauren Masu Gyara: Fankar Kwamfuta Ta Ƙi Hutawa

Tun da bazara ta kama, rabin saƙonnin da ke zuwa wannan shafi daga Kebbi a kan abu ɗaya suke: ƙugin fankar kwamfutar tafi-da-gidanka. Mun zaɓo huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kwamfuta ta hannu bara. Yanzu da na kunna ta sai fanka ta kama ƙugi, ba ta tsayawa ko ban buɗe komai ba. Akwai yadda zan kashe fankar in huta? Daga wani malamin makaranta a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kashe ta. Fanka 'yar aike ce, zafi ne ya aiko ta, shi za ka nema.

Ga yadda abin yake a ciki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ke fitar da mafi yawan zafi. A kanta akwai farantin jan ƙarfe, daga farantin wani siririn bututu ya ɗauki zafin ya kai shi wani ɗan ƙaramin lagireto mai haƙora kamar mataji, dab da kafar da iska ke fita. Fanka na zuƙo iska ta ƙasan kwamfutar ta hura ta cikin haƙoran nan. Mai ba ta umarni wani ɗan guntu ne a kan allon cikin kwamfutar, wato motherboard, wanda sassanta ke manne a kai, yana karanta ma'aunin zafi yana ƙara mata gudu ko ya rage.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, kara bayan hannunka a kafar da iska ke fita, ka ji abin da ke fitowa.

In iska na fitowa sosai amma babu zafi a cikinta, to saiti ne. Kwamfutocin HP da yawa suna da wani zaɓi a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, mai suna Fan Always On, a na ofis kuma za ka gan shi da sunan Fan Always on while on AC Power. Kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F10 har shafin ya buɗe, ka nemo zaɓin ka cire shi, ka adana ka fita. Wannan bai kashe fanka ba, ya dai ba ta damar hutawa in babu zafi. Kada ka taɓa wani abin da ba ka sani ba a wurin.

In iskar na fitowa da ƙarfi kuma da zafi, fanka lafiyarta lau, wani abu ne ke ba furosesa wahala a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka danna kan layin CPU, wato furosesa, domin manhajar da ta fi cin ƙarfi ta hau sama. Kwamfutar da ba a aiki da ita bai kamata ta zauna sama da kashi 10 cikin 100 ba. Sabunta Windows ko binciken ƙwayar cuta kan ɗaga ta na ɗan lokaci su sauka, wannan ba komai. Shafuka ashirin a buɗe a Chrome ma haka. Amma in ka ga wani baƙon suna ya riƙe kashi 50 ko fiye ba ya saki, musamman bayan an ɗora maka manhajar sata a shago, yi zargin irin cutar nan da ke haƙar kuɗin intanet da ƙarfin kwamfutarka. Yi cikakken bincike da Windows Security. Ka kuma leƙa sashen Startup a cikin Task Manager ɗin ka hana tarkacen da ke tashi tare da kwamfutar.

Na uku shi ne ya fi yawa a wajenmu: ƙara kamar injin niƙa, iska kuwa da ƙyar ka ji ta. Lagireto ya toshe. Ƙurar hunturu tun daga Nuwamba har Fabrairu tana shiga, ta haɗu da zaren bargo da na katifa, ta zama wani ɗan tabarma mai kaurin kwali a bakin haƙoran daga ciki, inda ba ka gani daga waje. Lokacin sanyi ba za ka lura ba. Sai Maris ya shiga asiri ya tonu.

Domin tabbatarwa, sauke HWMonitor ko Core Temp, manhajojin auna zafin kwamfuta, kyauta ne. In ba ka komai, digiri 45 zuwa 55 daidai ne a irin yanayinmu. Cikin aiki mai nauyi 75 zuwa 90 ba abin tsoro ba ne. Yawancin furosesar Intel iyakarsu digiri 100, in sun kusa can sai su rage wa kansu gudu, shi ya sa kwamfutar ke nauyi daidai lokacin da ta fi ƙara. In kana ganin 70 alhali ba ka buɗe komai ba, a kwance ta a share ƙurar.

Yadda ake sharar: a kashe, a zare caja, a kwance notukan murfin ƙasa ana jera su a kan takarda yadda suke a jiki, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda allo. A bi gefen murfin da tsohon katin banki, ba da wuƙa ba. Abu na farko bayan buɗewa, a zare wayar batir daga allo. Sannan a cire 'yar wayar fanka ta hanyar kama filogin, kada a ja wayar. Noti biyu ko uku ke riƙe da fankar. Tana fita za ka ga tabarmar, sau da yawa da yatsu biyu ake ɗago ta gaba ɗaya. A share haƙoran da fukafukan da busasshen burushin goge baki.

In kwamfutar ta shekara uku ba a taɓa ba, a canza man da ke tsakanin furosesa da farantin. Aikinsa cike 'yan ƙananan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya wuce, in ya bushe ya zama kamar alli aikinsa ya ƙare. A goge tsohon da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Arctic MX-4 na da kyau in an samu na asali. Notukan farantin suna da lamba 1, 2, 3, 4 a jiki, a ɗaure su bi da bi kaɗan-kaɗan domin ya zauna daidai. 'Yan filasta masu laushi da ke kan sauran sassan a bar su inda suke. Masu cewa man goge baki na yi, kwana biyu yake bushewa, a bar wa haƙori abinsa.

Abu ɗaya kuma da babu mai gyaran da zai magance: fanka da iskar ɗaki take aiki. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kwamfutarsu ta yi aiki a wurin da bai wuce digiri 35 ba, Birnin Kebbi kuwa a Afrilu tana haura 40. A ɗakin kwano marar silin da azahar, ko sabuwa dal ce fankarta ba za ta yi shiru ba.

Tambaya: Ƙarar fanka na damun 'yan ɗakinmu in ina karatun dare. Na ɗora SpeedFan amma ba ta ga fankar ba sam. Yaya zan rage mata gudu? Daga wata ɗaliba a Aliero.

Amsa: Ƙanwata, ba laifinki ba ne. SpeedFan tsohuwar manhaja ce da aka fi yi domin kwamfutar tebur, a yawancin na tafi-da-gidanka ba ta iya magana da guntun da ke juya fanka. Cire ta.

Fara da manhajar kamfanin da ya ƙera kwamfutarki, ita ta san iyakar da ba za a ƙetare ba. A Dell akwai Dell Power Manager, cikin sashen Thermal Management ki zaɓi Quiet. A Lenovo akwai Lenovo Vantage, a wasu ma danna Fn da Q kawai ke sauya yanayin. A ASUS akwai MyASUS mai yanayin Whisper. Dukkansu dabararsu ɗaya: su rage wa furosesa wuta, zafi ya ragu, fanka ta sauka da kanta.

In taki ba ta da irin wannan, ga wadda muka fi so. Furosesa na da al'adar zabura ta wuce gudunta na asali duk lokacin da aka buɗe wani abu, wannan zaburar ce ke tayar da fanka. Shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ki gangara Processor power management, ki mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A yawancin kwamfutoci wannan kashi ɗayan na hana zaburar gaba ɗaya. Ga mai rubutu da karanta takardu ba za ki ji bambanci ba sai shirun da za ki samu. In za ki yi zane ko tace bidiyo, ki mayar 100. A wasu sababbi an ɓoye wannan zaɓin, sai ki shiga Settings na Windows 11, System, Power & battery, ki sa Power mode a Best power efficiency.

Akwai manhajojin da ke tilasta wa fanka gudun da kika ga dama: NoteBook FanControl ga kwamfutoci iri-iri, TPFanControl ga ThinkPad, Macs Fan Control ga MacBook. Suna aiki, amma NoteBook FanControl sai an zaɓi saitin da ya dace da ainihin samfurin kwamfutar, in aka ɗauki na wata yana iya tsayar da fanka cak. A ganinmu amfaninsu ƙara gudu ne lokacin zafi, ba ragewa ba. In kin nace, kada ki bari fanka ta yi ƙasa-ƙasa bayan digiri 70, ki bar ma'aunin zafi a buɗe kina kallo.

Sannan mu tambaye ki: a ina kike ɗora ta? In kan katifa ne ko filo, kin toshe mata hanci. Faifai, tire ko babban littafi mai bangon kwali ya wadatar.

Tambaya: Na kai kwamfutar shagona wurin mai faci ya hure ta da iskar taya. Ƙura ta fita, amma yanzu fanka na karkarwa, wani lokaci rubutu ya fito kafin ta tashi. Daga mai shagon buga takardu a Jega.

Amsa: Alhaji, iskar mai faci ta fi ƙarfin wannan 'yar fanka. Galibi iyakar juyinta dubu huɗu ko biyar a minti, iskar kuwa ta juya ta fiye da haka, ko gindin da take juyawa a kai ya ci, ko fiffike ya tsage. Ga kuma raɓar ruwa da ke fitowa daga tankin. Duk mai hure fanka, ko da bulowa ce, ya soka tsinken sakace ya tare fukafukan tukuna.

Rubutun da kake gani, in HP ce lambar 90B ce, in ThinkPad ce Fan error za ta ce, ma'anarsu fanka ba ta juyawa yadda ya kamata. Kada ka riƙa danna Enter kana wucewa. Ɗigon man keken ɗinki a gindinta kan saya maka 'yan makonni, amma maganin sabuwa ce. A cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa, a dace lambar da ke kan takardar jikinta, ƙarfin wuta wanda galibi bolt 5 ne, da yawan wayoyin filogi, uku ko huɗu. In filogin ya shiga amma jerin wayoyin ya saɓa, fankar za ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta ko ta ƙi motsi.

Tambaya: Faifan nan mai fanka da ake ɗora kwamfuta a kai, ya cancanci kuɗinsa? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Zuru.

Amsa: Malama, juya kwamfutarki ki duba. In akwai kafofin iska a ƙasanta, yana taimakawa kaɗan. In ƙasan a shafe yake, iskar banza zai yi ta hurawa, ga shi yana shan batir ta kafar USB. Yawancin amfaninsa ma ɗagawar ce, murfin gorar ruwa biyu a ƙarƙashin kusurwoyin baya za su yi miki kusan wannan aikin. Idan kuma kin ga ƙasan kwamfutar ya kumbura ko wurin shafa yatsa ya tasa, wannan ba zancen fanka ba ne, batir ne ya kumbura. Zare caja, ki kai a cire shi ranar.