Tambayi Likita: Yaron da komai ya samu sai baki

Tambaya: Likita, ɗana ɗan wata 8 komai ya ɗauka sai baki. Kakarsa ta ce kwaɗayi ne, in riƙa buge masa hannu. (Wata uwa, Funtuwa)

Amsa: Hajiya, a gaida Kaka, amma ba kwaɗayi ba ne. Da baki da harshe yake gane laushi da tauri, sanyi da ɗumi. Karatunsa ke nan kafin allo. Ki ba shi ludayi da murfin kwano masu tsabta, ki kawar da gyaɗa, tsabar kuɗi da batirin agogo. In ya haɗiye batiri, asibiti nan take.

Tambaya: A makarantar ɗana ana sa su wasa da yashi da ruwa. Ba ɓata kuɗinmu ba ne? (Wani uba, Zariya)

Amsa: A'a, Malam. A nan yake koyon cika da rabi, nauyi da rashinsa. A dai wanke hannu kafin cin abinci.

Tambaya: In ba wa 'yata waya ta koyi ABCD? Watanta 14.

Amsa: Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba wanda bai kai shekara 2 ba. Ki yi mata hira da waƙa.

Tambaya: 'Yata mai rarrafe ta kurɓi kananzir a gorar lemo. Maƙwabta suka ɗura mata manja ta yi amai. Yanzu tana ɗan tari, amma tana wasa. (Wata uwa, Gusau)

Amsa: Baiwar Allah, ajiye wayar nan ki kai ta asibiti yanzu. Wannan maganar manja ta ishe ni! Haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake. Da yaro ya yi amai, kananzirin da ya riga ya sauka sai ya dawo maƙogwaro ya sulale cikin huhu ya ƙona shi. Wato da hannunmu muke ƙara ciwon. Ba manja, ba madara, ba cusa yatsa a baki. A cire rigar da ya jiƙa, a wanke jiki da sabulu, a kama hanya.

Wasan da take yi kada ya ruɗe ki. Wahalar numfashi da zazzaɓi kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana, kuma tarin nan alama ce. Ita ba ta da laifi: ta ga gorar da ta saba ganin ana sha, ta ɗanɗana kamar yadda take ɗanɗana komai. Ku daina zuba kananzir, fetur ko fiya-fiya a gorar abin sha, ku ɗora su inda hannunta ba ya kaiwa. Ki tafi da gorar don likita ya gani, kuma kada ki jira gari ya waye.