Wane Gatsby zan kalla, wanne zan saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya: fina-finan da aka yi daga littafin The Great Gatsby na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a 1925. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a sashen Turanci. An sa mana littafin nan a wannan zangon, ga jarrabawa ta matso. Ƙawayena sun ce in kalli fim ɗin kawai in huta, amma da na duba sai na ga ba ɗaya ba ne. Wanne ya fi bin littafin sau da ƙafa? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, kafin mu kai ga fim, littafin kyauta ne. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, kuma yana nan a shafin Project Gutenberg, datar da zai ci miki ba ta taka kara ta karya ba. Babi tara ne, yawancin bugunsa bai cika shafi 200 ba. Wadda ta ware masa Asabar da Lahadi za ta gama.

Ga labarin a gurguje don sauran masu karatu. A bazarar 1922 wani matashi, Nick Carraway, ya kama hayar ɗan ƙaramin gida a Long Island, kusa da birnin Niyok. Maƙwabcinsa Jay Gatsby hamshaƙin attajiri ne mai shirya liyafa duk ƙarshen mako, mutane su yi ta kwarara gidansa ba gayyata, su ci su sha, suna gulmar inda ya samo kuɗi. Duk wannan shagalin don mace ɗaya yake yi, Daisy, wadda ya so shekara biyar da suka wuce yana ƙaramin hafsan soja ba ko anini. Kafin ya dawo daga Turai bayan yaƙi ta auri Tom Buchanan, mai kuɗin gado. Shi kuwa Gatsby da fasa-ƙwaurin barasa ya tara nasa, a zamanin da Amurka ta haramta sayar da ita, daga 1920 zuwa 1933.

Fim ɗin 1974 shi ya fi kusa da littafin. Jack Clayton ya ba da umarni, Francis Ford Coppola ya rubuta, Robert Redford ya fito a Gatsby, Mia Farrow a Daisy. Yana bin labarin kusan daki-daki, maganganu da yawa daga littafin aka kwaso su, kuma ya bar zuwan mahaifin Gatsby jana'iza, tsoho talaka da ya taso daga nesa yana alfahari da gidan ɗansa. Na 2013 ya yanke tsohon gaba ɗaya, alhali da shi ne mai karatu yake gane yaron nan James Gatz da ya sauya suna zuwa Gatsby ya gudu daga asalinsa.

Illar na 1974 biyu ce. Yana da jan jiki ƙwarai, awa biyu da kusan minti ashirin da biyar, wani wurin sai ki ji kamar ki tura shi gaba. Na biyu kuma Redford ya cika kama da wanda aka haifa cikin daula. Duk rigimar littafin a kan asali take, irin binciken da iyaye ke yi idan baƙo ya zo neman aure da motoci masu tsada: ɗan wane ne, kuma a ina ya samu? Gatsby na littafi mutum ne da yake auna kowace kalma kafin ya faɗa don kada asirinsa ya tonu. Redford kuwa ko ya yi shiru, ba wanda zai tambaye shi ɗan wane ne. Akwai kuma wata magana da aka sa wa Daisy a baki a fim ɗin, cewa 'ya'yan masu kuɗi ba sa auren talaka. Babu ita a littafin, kada ta shiga takardar amsarki.

In kuwa na 2013 kika kalla kika shiga jarrabawa, abu uku za su tona ki. Fim ɗin ya buɗe da Nick a gidan jinya, likita ya sa shi rubuta labarin a matsayin magani, wannan ƙirƙirar darakta ce. Sai rigimar otal ɗin Plaza, inda Leonardo DiCaprio, wanda ya fito a Gatsby, ya harzuƙa ya cakumi Tom har ya ɗaga hannu. A littafin ba wanda ya taɓa wani. Da baki Tom ya kayar da shi, ya zayyane wa Daisy irin sana'ar da kuɗin suka fito, sai ta fara ja da baya. Bambancin ba ƙarami ba ne: a fim za ki ɗauka tsoron fushinsa ta ji, a littafi kuwa gano cewa kuɗinsa ba irin na gidansu ba ne ya sanyaya mata jiki. Na uku shi ne wayar da ta yi ƙara lokacin da aka harbe shi, ya mutu yana zaton Daisy ce. Fitzgerald bai yi masa wannan gatan ba, ya bar shi yana jiran kiran da bai zo ba.

Ki karanta, sannan ki kalli na 1974 don fuskoki su zauna miki. Muryar Nick, da yadda yake sha'awar mutanen nan yana ƙyamarsu lokaci guda, ita malaminku zai tambaya, kuma babu fim ɗin da ya iya ɗauko ta cikakkiya.

Tambaya: Ni fim ɗin Indiya nake kallo tun ina yaro. Wani abokina ya ce Amitabh Bachchan ya fito a wannan fim tare da jarumin Titanic. Gaskiya ne? Datata ba ta da yawa, in sauke? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma kada ka sa rai da yawa. A fim ɗin 2013 na Baz Luhrmann, Bachchan ya fito a Meyer Wolfsheim, uban gidan Gatsby a harkar bayan fage, ɗan caca da aka ce shi ya murɗe gasar ƙarshe ta ƙwallon besbol ta Amurka a 1919. Ana ganinsa a wata mashaya ta ɓoye da ake shiga ta bayan shagon aski, yana ado da haƙorin ɗan'adam. Fitowar tasa 'yan mintoci ce a fim mai awa biyu da minti ashirin da wani abu. Ya cika wurin, ba shakka, muryar nan tana nan daram. Sai dai in don shi kaɗai ne, ka nemi guntun wurin a YouTube ka adana datarka.

Amma ina ganin fim ɗin kansa zai yi maka daɗi. Talaka ya so 'yar masu hali, aka aurar da ita ba ya nan, ya dawo da dukiya yana neman a mai da hannun agogo baya, ka san wannan hanyar. Luhrmann kuma mutum ne mai son launi da kiɗa da taron jama'a, ga ruwan takardu masu ƙyalli, ga wasan wuta, kyamara ba ta zama wuri ɗaya. A Ostareliya aka ɗauki fim ɗin duk da labarin na Niyok ne. Kiɗan ma na zamani ne, Jay-Z na cikin waɗanda suka jagoranci haɗa shi. Hujjar daraktan ita ce yadda jaz ya tayar wa dattawan 1922 hankali, mai kallo na yau ba zai ji hakan a jikinsa ba sai da hip-hop. Wasu masu sharhi sun yi tir da wannan, ni dai bai dame ni ba. Ka shirya kawai, ƙarshensa ba irin wanda ka saba ba ne, ba a ɗaura auren kowa.

Batun data: kallo kai-tsaye a intanet yakan ci kusan gigabait 1 a awa a matsakaicin hoto, mai kaifi sosai kuma har 3. A allon waya ba za ka ga bambancin da ya kai wannan tsadar ba. Ka zaɓi matsakaici, ka sauke da garaɓasar dare in layinka na bayarwa, ka kuma kunna rubutun da ke bi a ƙasan allo, don maganar tana gudu a rabin farko.

Tambaya: Babban ɗana mai shekara 16 ya matsa sai mun kalla tare, ga ƙannensa ƙanana. Na duba na ga na 1974 an ce ya dace da yara in da iyaye a kusa. In sayi shi maimakon sabon? (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, wannan alamar ta yaudari mutane da yawa. Na 1974 yana ɗauke da PG, na 2013 kuma PG-13, sai a zaci tsohon ya fi tsabta. Alhali ita alamar PG-13 sai a 1984 aka ƙirƙiro ta, kafin nan PG ta haɗa da fina-finai da yawa da yau ba za a ba su ita ba. Labarin ɗaya ne a duka biyun: matar aure da tsohon saurayinta, mijinta da matar wani mai garejin gyaran mota, shaye-shaye daga farko har ƙarshe, namiji ya fasa wa mace hanci, mota ta take mutum, sannan kisa da bindiga. Sabon ya fi nuna tsiraici da casu, musamman wata walima a wani ɗaki a cikin birni. Ƙananan dai a kai su su kwanta. Shi babban, ki fara kallo ke kaɗai tukuna, ke kika san ɗanki.

In kin yanke za ku kalla, abin da na fi jiye masa ba waɗancan ba ne. Fim ɗin 2013 ya ƙawata dukiyar Gatsby har yaro zai iya tashi ba abin da ya rage masa a kai sai rawayar motar nan da gidan mai kama da fada. Littafin yana nuna kayan ne yana tsikarinsu, kyamara kuwa in ta haska abu mai kyau, kyan ake gani. Abin lura ne ma cewa na 1974 da na 2013 kowanne ya ci lambar Oscar biyu, kowanne akwai ta tufafi a ciki, babu wanda ya ci ta wasan jarumi ko ta rubutun labari.

Akwai wurin da zan so ki tsayar da fim ɗin. Gatsby ya zagaya da Daisy gidansa, ya kai ta ɗakin kwana, ya buɗe ma'ajiyar kaya ya fara ciro riguna yana watsawa, na siliki, na lilin, masu ratsi, kore, shuɗi, waɗanda wani yake sayo masa daga Ingila duk sauyin yanayi, har suka yi tsibi. Sai Daisy ta kifa fuskarta a cikinsu ta fashe da kuka, wai ba ta taɓa ganin riguna masu kyau haka ba. Ki tambayi yaron me take yi wa kuka. Shekarun da suka ɓace? Mutumin? Ko kuwa rigunan ne da gaske? A fim ɗin 2013 Nick ya yi saurin ba da amsa cewa shekaru biyar ɗin ne suka tokare ta. Fitzgerald bai faɗa ba, kuma na fi son haka. Daga nan ki bar shi ya ƙirga mutanen da suka cika gidan ranar liyafa da waɗanda suka zo jana'iza.

Tambaya: Ƙanena zai dawo daga Amurka, na ce ya sayo mini faifan asali. Ya ce akwai DVD, akwai Blu-ray, akwai na 3D. Wanne? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Alhaji, ka fara leƙa bayan na'urarka. Faifan DVD na Amurka na yanki na 1 ne, Najeriya da Nijar suna yanki na 5. A Blu-ray kuma Amurka A ce, Afirka da Turai B. Yawancin ƙananan na'urorin DVD da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta kowane yanki, amma na manyan kamfanoni da na'urorin wasan gem sukan ƙi. In taka mai zaɓe ce, faifan Blu-ray daga Ingila ya fi maka na Amurka.

Na 3D ka bar shi. An yi fim ɗin 2013 da wannan fasahar don silima, amma a gida sai da talabijin ta musamman da tabarau, kuma manyan kamfanoni sun daina ƙera irin waɗannan talabijin tun wajen 2017. Blu-ray na yau da kullum ya ishi sabon fim ɗin, shi ne ma wanda kaifin hoto yake ƙara wa armashi. Na 1974 da gangan aka ɗauke shi da hoto mai laushi kamar da hazo, DVD ya wadatar. Ka ce masa ya duba bugun na 2013 da ke da wuraren da aka yanke, a nan mahaifin Gatsby yake.

Tambaya: Wani mai tura fina-finai ya ce yana da duka biyar, har da na farko na 1926, zai zuba mini a waya in ƙara masa kuɗi. (Wani mai karatu daga Gusau)

Amsa: Malam, huɗu yake da su in ya yi yawa. Fim ɗin 1926, marar sauti, wanda Warner Baxter ya fito a Gatsby, ya ɓace. Abin da ya rage a duniya tallarsa ce mai kimanin minti ɗaya, kuma tana intanet kyauta. Duk abin da ya sa wa wannan sunan wani fim ne daban.

Na 1949 baƙi-da-fari ne, Alan Ladd ne jarumin. Dokokin tace fina-finai na Hollywood a lokacin sun sa an cusa masa wa'azi, an kuma nuna Gatsby riƙaƙƙen ɗan fasa-ƙwauri tun daga farko, abin da ya kashe ɓoyayyen sirrin da littafin ya ginu a kai. Duk da haka Ladd yana da wani rashin sakewa a cikin masu kuɗi wanda ya fi na Redford dacewa da mutumin. Na 2000 na talabijin ne, Toby Stephens da Mira Sorvino, Paul Rudd a Nick. Ya bi littafin kuma ya fi manyan biyun gajarta, sai dai liyafar da ya kamata ta girgiza gari ta fito ba armashi saboda ƙarancin kuɗin aiki. Kafin ka biya, ka sa ya buɗe maka kowanne a kwamfutarsa ka ga fuskar jarumin da tsawon lokacin, ka kuma tura zuwa ƙarshe ka tabbatar bai yanke ba.