Tambayoyinku: Burushina ya baje baki, me zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni mai fentin gidaje ne ban jima da fara cin gashin kaina ba, abin da ke damuna shi ne burushi, zan sayi sabo dal bakinsa a miƙe amma kafin in gama gida ɗaya sai gashin ya baje wani ya yi gabas wani ya yi yamma, in na zo yanka layi a bakin silin ko gefen taga sai ya riƙa ɓata min aiki. Kuma wallahi ina kula da shi, kullum in na tashi aiki a bokitin ruwa nake tsoma shi ya kwana don kar ya bushe. Burushin ne mara kyau ko ni ne ban iya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Toh gaskiya wannan kwanan da yake yi a bokiti shi ne rabin matsalarka, duk da na san da kyakkyawar niyya kake yi. Ka ga in ka tsayar da burushi a ruwa, nauyinsa gaba ɗaya a kan bakin gashin yake sauka, ya kwana a lanƙwashe, gobe ma haka, to gashin zai riƙe wannan lanƙwasar ne kawai, ba ya komawa. Sannan ruwan ba a gashi yake tsayawa ba, yana hawa ya shiga cikin ƙarfen nan da ya ɗaure gashin, ya jiƙa katakon mariƙin, katako ya kumbura ya buɗa ƙarfen, in ya bushe ya motse sai ka ji kan burushin yana girgiɗi, ga tsatsa, ga gashi yana zuba yana manne maka a bango kana tsincewa da farce.

Ɗaya rabin kuma a gindin gashin yake, kuma nan ne nake so ka fi sa ido don yawancin masu fenti bakin burushi kawai suke wankewa, da sun ga ya yi fari shikenan an gama. Alhali fentin da ya gangara can gindi kusa da ƙarfe yana nan, ya bushe ya zama dunƙule, gobe wani ya ƙaru a kansa, shi ne yake tura gashin yana raba shi kamar tsintsiyar da ɗaurinta ya kwance. Ka ɗauko tsohon burushinka ka matsa gindin da yatsa, in ka ji shi tauri ba ya lotsawa to ga amsarka nan. Maganin tun daga tsomawa yake farawa: kar ka nutsar da burushi har wuya a gwangwani, kashi 1 cikin 3 na tsawon gashin ya isa, in ya yi yawa rabi. Kuma kafin ka fara aiki ka ɗan jiƙa shi ka yarfe, da ruwa in fentin ruwa ne, da tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, in na mai ne, hakan na hana fentin saurin kamawa a gindi. In kana fentin silin hannu a sama fenti dole ya gangaro, saboda haka ka riƙa tsayawa kana ɗauraye shi ko da lokacin tashi aiki bai yi ba.

Wanki kuma ya danganta da fentin. Na ruwa, wato emolshon, ruwa mai ɗumi da sabulu sun wadatar, amma mai ɗumi na ce ba tafasasshe ba don zafi sosai yana iya sassauta gam ɗin da ke riƙe gashin. Ka fara goge fentin da ya rage a jarida ko tsumma, sannan ka sa sabulu ka riƙa murzawa a tafin hannu kana buɗa gashin da yatsu har gindi, ka taje shi da tsohon mataji daga gindi zuwa baki, sai ruwan ya fito garau tukuna ka tsaya. Na mai kuwa ruwa ba ya taɓa shi, sai tina ko kananzir, ka wanke a kwalba ta farko ka ɗauraye a ta biyu mai tsabta, bayan nan ka bi da sabulu. Kar ka zubar da tinar, ka rufe kwalbar ka ajiye, dattin zai kwanta a ƙasa ka tsiyaye na saman ka sake amfani da shi, kuma dan Allah kar a zuba ta a kwata ko a bar ta kusa da wuta.

In ka wanke sai ka yarfe ruwan, ka gyara bakin da yatsu ya dawo yadda ka saye shi, ka rataye shi a ƙusa baki ƙasa, ramin nan da ke ƙarshen mariƙi aikinsa ke nan. Da ya bushe ka mayar da shi cikin rigar kwalin da ya zo da ita, wadda mutane ke yagewa su yar tun a ranar farko, ni kam tana ba ni takaici in na gan ta a bola don ita ce ke riƙe bakin. In ka riga ka yar, naɗe shi da takarda mai ɗan kauri ka ninke ƙarshen ba tare da ka lanƙwasa gashin ba, ka sa robali a kan ƙarfen, ba a kan gashin ba. Takarda ta fi leda a nan don tana barin iska ta shiga. Leda amfaninta daban: in hutun cin abinci za ka je ko gobe da safe za ka ci gaba da kala ɗaya, naɗe burushin da fentinsa a leda ka matse iskar, ba zai bushe ba. Amma na kwana ɗaya ne fa, ba na sati ba. In kuma dole sai ka jiƙa shi, to ka huda mariƙin kusa da ƙarfe ka zura waya ka ɗora ta a bakin kwalba, gashin ya riƙa reto a ciki bai taɓa ƙasa ba, ruwan kuma ya tsaya iya gashi.

Ka kuma duba irin burushin da kake saye. Mai gashin dabba, wanda galibi na alade ne a burushin gini, yana shan ruwa ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, shi na fentin mai ne. Emolshon mai gashin nailan ko foliyesta yake so.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina koyon zane da fentin akirilik, ƙananan burusaina masu tsini duk sun rabe biyu, wasu kuma na ajiye su a akwati na wata uku na buɗe na tarar gashin ya gutsuttsure. Akwai gyara?

AMSA: Barka dai Malama. Akirilik ba ya jira, siririn shafi a cikin minti 10 zuwa 20 ya bushe, kuma da ya bushe ya zama roba ruwa ba ya narka shi, don haka kar ki ajiye burushi da fenti a jikinsa ki ce bari in gama wannan gefen, ɗauraye shi nan take ki kwantar a kan tsumma. Waɗanda suka rabe in na nailan ne gwada wannan: wanke su tas, ki tsoma gashin kaɗai a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, ki fito ki murza bakin ya yi tsini ki bar shi ya huce, sau da yawa yana miƙewa. In akwai busasshen fenti a gindi ki jiƙa da sifirit na ɗan lokaci ki taje a hankali. Bayan nan shafa masa ɗan sabulu ko ruwan ƙaro ki gyara tsinin ya bushe a haka, shi ya sa ma sabon burushi yake zuwa da ɗan tauri, sai ki wanke ranar da za ki yi aiki.

Wanda ya gutsuttsure a akwati kuwa ina kyautata zaton asu ne, yana cin gashin dabba kamar yadda yake cin ulu amma ba ruwansa da nailan, ki sa ƙwayar kafur a akwatin kuma kar ki rufe burushi sai ya bushe ƙarau in ba haka ba fumfuna za ki tarar. A kwance za ki shanya su, sai sun bushe sannan ki tsayar a kofi baki sama. Wannan ɗan bututun robar da ke zuwa a bakin sabo kuma kar ki mayar, yana kama gashin gefe ya juya shi baya. In za ki fita da su ki naɗe su a ƙyalle mai aljihuna kowanne da gurbinsa, kar su riƙa karo da murfin jaka.

TAMBAYA: Malam burushin da ya bushe ƙamas da fenti tun bara, a yar ko a gyara?

AMSA: Ɗan'uwa ka gwada ɗumama binega, wato ruwan khal, ka jiƙa gashin kamar awa 1 sannan ka taje ka wanke da sabulu, in emolshon ne yakan saki. Na mai da ya shekara kuwa tina ba za ta narka shi ba, sai maganin cire fenti, shi ma ka sa safar hannu ka yi a waje inda iska ke kaɗawa. Ko ya yi laushi kar ka sa ran zai sake yanka maka layi, ka ware shi don share ƙura kafin fenti ko shafa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, a bangon da ba a goge ba, sabon kuma ka bar shi don baki-baki.